Babi na Bakwai: Layin da Bai Fito Ba

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ke gangarowa daga duwatsun Mandara ya cika kogin Yedzaram, ƙananan asibitoci da shagunan magani na Lamorde, a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, ba sa rabuwa da iyaye mata goye da yara masu zafin jiki. Aikin da ake yi musu kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ma'aikaciyar lafiya ta yage 'yar jaka ta fito da wata farar roba mai tsawon ɗan yatsa, ta goge yatsan yaro da auduga, ta soke shi da tsinin allura. Jinin da take buƙata bai kai cikakken ɗigo ba, maikurolita 5 ne kacal. Ta zuba shi a ƙaramin rami, ta ɗiga ruwan gwaji a rami na biyu, ta ajiye robar a kan tebur ta dubi agogo. Bayan minti 15 zuwa 20 sai ta ɗaga ta duba. In layi biyu suka fito ta ce, "Maman yaro, maleriya ce." In ɗaya ne ta ce, "Babu."

Wannan robar ba ta ganin ƙwayar cutar maleriya ko kaɗan. Abin da take kamawa wani furotin ne da ƙwayar ke zubarwa a cikin jini, wanda masana suka laƙaba wa suna HRP2. Ƙwayar Plasmodium falciparum, wadda ita ce ke kashe yara a ƙasar nan, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta zauna tana ci tana hayayyafa, tana kuma fitar da wannan furotin da yawa. A cikin robar akwai siririyar takarda da aka shafa wa sinadaran da ake kira antibodi, irin waɗanda jiki ke ƙerawa don cafke baƙon abu, kowanne da abin da yake kamawa shi kaɗai. Rukuni na farko an manna musu ƙurar zinare, suna jira kusa da ramin jini. Da jinin ya biyo takardar sai su kama HRP2 su wuce da shi. Rukuni na biyu an kafa su a jere a wuri guda, su ma shi suke jira. Idan ya iso sai su riƙe shi tare da zinaren da ke jikinsa, zinaren ya yi ta taruwa har ido ya gan shi ya zama jan layi. Ɗaya layin, wanda ke fitowa ko da ciwo ko babu, shaida ce kawai cewa ruwan ya bi takardar yadda ya kamata.

Ba ƙaramin alheri wannan 'yar roba ta kawo ba. Kafin ta yaɗu, duk zafin jiki maleriya ne a wurin mai magani da majiyyaci, ana ta ɗura wa yara magani alhali wani nimoniya ke damunsa, wani sanƙarau. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwaji kafin a ba da maganin maleriya, kuma abin da ya sa shawarar ta yiwu a ƙauye shi ne gwajin ba ya buƙatar wutar lantarki ko madubin likita. Mutanen Mubi sun san darajar kayan aikin da ke shiga aljihu. A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram ta mamaye garin jama'a suka watse zuwa Yola da kan duwatsu da tsallaken iyakar Kamaru, ɗakin gwaje-gwaje ba ya bin mai gudun hijira, amma kwalin gwajin gaggawa yana binsa.

Sai dai kalmar "babu" da ke fitowa daga bakin ma'aikaciyar lafiya tana da iyaka, kuma iyakar nan ce batun wannan babi. Gwajin gaggawa na yau da kullum yakan fara kamawa sosai ne idan ƙwayoyin cutar sun kai kamar 100 zuwa 200 a kowace maikurolita ta jini. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, wato maikurolita miliyan 5. A buga lissafin: wanda ke da ƙwaya 50 a kowace maikurolita yana yawo da ƙwayoyin maleriya miliyan 250 a jikinsa, amma ana iya soke yatsansa layi ɗaya ya fito.

An daɗe da sanin akwai irin waɗannan mutane, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi tabbatar da hakan ƙasar Hausa ce. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Kowane mako goma ana bin ƙauyuka ana ɗibar jinin dubban mutane, ana shafawa a gilashi, ana duba shi a madubin likita. An fesa maganin sauro a ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa da kowa magani. Cutar ta yi ƙasa ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ta dawo. Littafin da Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar a kan binciken a 1980 har yau masana maleriya suna komawa gare shi. Cikin abubuwan da aka lura akwai cewa mutum ɗaya yakan fito fes a wannan zagayen, a na gaba a ga ƙwaya a jininsa, har masu lissafin aikin suka ware kaso na musamman don waɗanda ke ɗauke da cutar amma madubi bai gan ta ba.

Da gwajin PCR ya zo, wanda ke neman DNA na ƙwayar cutar, sai aka ga girman abin. Wani nazari na 2009 da ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa ya nuna cewa madubin likita yana kama kusan rabi ne kawai na waɗanda PCR ke kamawa. A Burkina Faso an nuna sauro yana iya kwasar cutar daga jinin mutumin da madubi ya wanke. A Mali kuma, a ƙauyen Kalifabougou, ayarin Silvia Portugal ya wallafa a 2020 yadda ƙwayar ke lafewa a jinin mutane tsawon rani, ba ta yawa balle ta kwantar da su, ba ta kuma ƙarewa, har damina ta dawo da sauro. Duk wanda ya taɓa tambayar ina maleriya ke tafiya a watan Maris, lokacin da Mubi ke ƙuna babu ko kududdufi, amsar ke nan: tana cikin jinin maƙwabci mai cikakkiyar lafiya.

Wadda abin ya fi shafa ita ce mai juna biyu. A jikinta jajayen ƙwayoyin jinin da suka kamu sukan je su manne a mabiyiya, su bar jinin da ke zagayawa kusan fes. Ta je awo a soke yatsanta a ce lafiya lau, alhali cutar na can tana rage mata jini, tana tauye abincin da ke isa ga jariri, a haife shi bai kai nauyi ba. Shi ya sa ake ba masu ciki maganin Fansidar a wurin awo tun daga wata na huɗu ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Wannan tsari amincewa ce a fili cewa idon gwajin bai kai inda cutar take ba.

Mai karatu zai ce, to a koma PCR mana. Akwai tsada da buƙatar wuta da ƙwararru, amma akwai wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. Tambayoyi da yawa na likitanci DNA ba ya amsa su. Ko tsokar zuciya ta fara mutuwa a wannan sa'ar, ko ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, ko ciwon daji ya dawo bayan tiyata, furotin ne ke ba da labarin, domin shi ne ke aikin a jiki, shi ne kuma ke zuba cikin jini idan wata gaɓa ta ji rauni. Shi kuwa furotin yana da wuyar sha'ani. DNA ana iya kwafarsa: dabarar PCR da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 tana mayar da ƙwaya ɗaya ta zama biliyoyi cikin 'yan sa'o'i, sai a gan ta cikin sauƙi. Furotin ba a kwafarsa. Abin da aka samu a ɗigon jini shi ke nan, in guda ɗari ne guda ɗari ne. Ga kuma cunkoso. Furotin guda mai suna albumin shi kaɗai ya kai giram 35 zuwa 50 a kowace lita, ya cinye wajen rabin duk furotin ɗin da ke ruwan jini, yayin da wasu masu ɗauke da muhimmin labari ake auna su da fikogiram, kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram. Tazarar da ke tsakanin mafi yawa da mafi ƙaranci ta haura ninki biliyan goma.

Tarihin wannan fanni tarihin rage wannan tazara ne. A wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Bronx a birnin New York, Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka gano yadda za a auna insulin a jini ta hanyar haɗa antibodi da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, suka wallafa cikakken bayanin a 1960. Ba su yi wa dabarar rajistar mallaka ba, suka bar ta ga duniya. Berson ya rasu a 1972, Yalow ta karɓi lambar Nobel a 1977. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Jami'ar Stockholm suka cire sinadarin nukiliyar suka sa enzayim, wani furotin mai canza launin ruwa, aka sami gwajin ELISA, wanda har yau da shi ake tantance jinin da za a ƙara wa majiyyaci a manyan cibiyoyi. A 1975 kuma Georges Köhler da César Milstein a Cambridge ta Ingila suka gano yadda za a riƙa samar da antibodi iri ɗaya tak, komai yawan da ake so. Ba don aikin waɗannan biyun ba, da babu robar da ke kan teburin asibitin Lamorde.

ELISA tana da nata bangon. Ana yin ta ne a cikin ramukan faranti, kowane rami yana ɗaukar ruwa kamar maikurolita 100, kuma launin da enzayim ya samar yana bajewa cikin ruwan duka. In furotin ɗin da ake nema ya yi ƙaranci, launin yakan narke ya ɓace, na'ura ba ta bambanta shi da ruwa zalla. Marina sun san wannan: ƙwayar shuni ɗaya a cikin randa ba ta canza komai, amma a sa ta a cokalin ruwa nan take za a ga baƙi-baƙi. Abin da David Walt, wanda a lokacin yake Jami'ar Tufts a Amurka, da abokan aikinsa suka yi ke nan, suka ƙanƙantar da mazubin har ƙwaya ɗaya ta isa ta rina shi.

Ga yadda dabarar tasu take, wadda kamfanin Quanterix ke sayarwa da sunan Simoa, aka kuma bayyana ta a mujallar Nature Biotechnology a 2010. Ana zuba dubban ɗaruruwan ƙananan ƙwallaye masu maganaɗisu a cikin ruwan jini. Faɗin kowanne maikuromita 2.7 ne, bai kai rabin jar ƙwayar jini ba, kuma an lulluɓe shi da antibodi. Da gangan ake sa ƙwallayen su fi furotin ɗin da ake nema yawa nesa ba kusa ba, don haka yawancinsu ba za su kama komai ba, kaɗan kuma su kama guda ɗaya tak. Sai a wanke, a liƙa wa duk furotin ɗin da aka kama enzayim. Daga nan a shimfiɗa ƙwallayen a kan wani faifai mai ramuka sama da 200,000 a fili guda, kowane rami ƙwallo ɗaya yake ɗauka, a rufe bakinsu da mai. A cikin ramin da ke da enzayim, sinadarin da yake samarwa ba shi da inda zai baje, cikin ɗan lokaci ramin ya ɗau haske. Kyamara ta ɗauki hoto, kwamfuta ta ƙirga ramuka nawa ne suka haska, nawa ne suka zauna duhu. An tashi daga kintacen kaurin launi an koma ƙidaya ɗaya bayan ɗaya, kuma hakan ya sa ana iya ganin abin da ya yi ƙasa da iyakar ELISA har wajen ninki dubu.

A wannan rahoto na 2010 sun gwada jinin mazan da aka cire wa furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, saboda ciwon daji. Gwajin asibiti ya ce babu sauran PSA, furotin ɗin da furostet ke fitarwa, a jininsu. Sabuwar dabarar ta same shi, a wani har ƙasa zuwa femtogiram 14 a mililita, femtogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na fikogiram.

Akwai wata hanyar da ta bi ta bayan gida. Tun da DNA ne ake iya kwafa, me zai hana a ɗaura wa antibodi guntun DNA? Takeshi Sano da Charles Cantor da abokiyar aikinsu Cassandra Smith sun nuna hakan a 1992. Ɗakin binciken Ulf Landegren a Uppsala ta Suwidin ya ƙara gyara: antibodi biyu, kowanne da nasa guntun DNA, ba za su ba da alama ba sai sun haɗu a jikin furotin guda. Daga nan kamfanin Olink ya fito, kuma da fasaharsa aka auna furotin kusan 3,000 a jinin mutane sama da 54,000 na rumbun UK Biobank a Birtaniya, aka wallafa sakamakon a 2023.

Amfanin ya riga ya isa gadon asibiti a wasu ƙasashe. Gwajin toroponin mai kaifi, furotin ɗin da tsokar zuciya ke zubarwa in ta ji rauni, ya rage jiran mai ciwon ƙirji daga sa'o'i shida ko fiye zuwa sa'a ɗaya zuwa uku. A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko don taimakawa wajen gano cutar Alzheimer, babbar mai haddasa abin da muke kira gigin tsufa, ta hanyar auna wani nau'in furotin tau, aikin da a da sai an huda gadon baya an ɗebi ruwa ko an shiga na'urar hoto mai tsadar gaske. Amma toroponin ya koya wa likitoci wani darasi da ba su nema ba. Da gwajin ya yi kaifi, sai aka riƙa samun furotin ɗin a jinin yawancin mutane masu lafiya. Tambayar ta tashi daga "akwai ko babu" ta koma "nawa ne, kuma nawa ne ya yi yawa ga wannan mutumin".

Wannan darasin ne ya riski maleriya. A 2017 kamfanin Alere, wanda daga baya Abbott ya saye, ya fitar da gwajin gaggawa mai kama HRP2 da ya yi ƙasa da na da har wajen ninki goma. Kamanninsa ɗaya da na kullum, jininsa ɗaya. A binciken da aka yi a Uganda da Myanmar cikin mutanen da ba su da zazzaɓi, ya tono masu ɗauke da cutar da tsohon gwajin ya tsallake. Amma da aka gwada shi a Tanzaniya kan marasa lafiyar da suka zo asibiti da zafin jiki, kusan babu bambanci tsakaninsa da tsohon. Dalilin a fili yake: wanda maleriya ta kwantar yawanci ƙwayoyin sun riga sun yi yawa a jininsa, tsohon gwajin ma ya ishe shi.

Sannan HRP2 yana da wani hali. Ba ya barin jini da wuri. Yaro ya sha magani ya warke sarai, ƙwayoyin sun mutu, amma furotin ɗin yana nan makonni, gwaji yana ta fitar da layi biyu. Alkaluman ƙasa sun nuna alamar hakan. A binciken maleriya na Najeriya na 2021, madubin likita ya sami cutar a kashi 22 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, gwajin gaggawa kuwa ya ba da kusan kashi 40, kuma wani ɓangare na wannan tazara ragowar furotin ɗin ciwon da ya wuce ne. Yanzu a ƙara wa gwajin kaifi ninki goma a kai shi gari irin Mubi a tsakiyar damina, inda yara da yawa ba su daɗe da tashi daga maleriya ba. Layi biyu zai yi ta fitowa. Yaron da ciwon huhu ya kawo shi za a ce masa maleriya ce, a ba shi magani a sallame shi, ainihin abin da ke cinsa ya ci gaba. A ganin marubucin nan, duk wanda ya ce a maye gurbin gwajin asibitocin unguwa da mafi kaifi don kawai ya fi kaifi, bai yi wa yaran adalci ba. Inda kaifin ke da amfani daban ne: wurin binciken masu ciki, wurin tantance jinin da za a ƙara wa wani, da wurin masu son sanin inda cutar ke ɓuya a cikin al'umma.

Akwai kuma barazanar da kaifi ba ya maganinta. A 2010 aka ba da rahoto daga yankin Amazon na ƙasar Peru cewa an sami ƙwayoyin falciparum da suka rasa ƙwayar halittar da ke ƙera HRP2. Suna sa ciwo, suna kisa, amma ba sa zubar da furotin ɗin da robar ke nema. A Eritiriya abin ya yi yawa har a 2016 ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi, an kuma same su da yawa a Habasha da Jibuti. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, idan irin waɗannan ƙwayoyi suka sa gwaji ya tsallake sama da kashi 5 cikin 100 na masu ciwon, a koma wa gwajin da ke neman wani furotin na daban, kamar LDH.

Najeriya ta taɓa nuna abin da za a iya yi da waɗannan dabaru a cikin gida. A 2018 an yi babban binciken cutar ƙanjamau na ƙasa, NAIIS, wanda ya shiga gidaje a jihohi 36 da Abuja, har da Adamawa. Shi ne ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma da furotin ɗin bayan ƙwayar cutar ake gane shi. Ragowar jinin da aka ɗiga a takarda aka busar ba a zubar ba. An bi shi da gwajin ƙananan ƙwallaye masu launi daban-daban, kowane launi da abin da yake kamawa, yadda ɗigo ɗaya zai amsa tambayoyi da yawa a lokaci guda, tare da haɗin gwiwar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da takwararta ta Amurka. Daga jinin yara 31,234 'yan ƙasa da shekara 15, rahoton da ya fito a 2023 ya ƙiyasta kashi 6.6 cikin 100 suna ɗauke da Plasmodium malariae, kashi 1.4 kuma Plasmodium ovale. Waɗannan nau'o'in maleriya ne da ba sa ƙera HRP2 sam, don haka robar da ke neman HRP2 kaɗai ba za ta taɓa ganinsu ba.

A wannan binciken ba a sami Plasmodium vivax ba ko ɗaya, kuma dalilin yana buɗe wata ƙofa. Vivax yakan shiga jar ƙwayar jini ne ta wani furotin mai suna Duffy, wanda mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu. Shi wannan Duffy yana kuma riƙe wasu ƙananan furotin na garkuwar jiki, saboda haka yawansu a jinin mai Duffy da marar shi ba ɗaya ba ne. Ke nan adadin da aka ce shi ne daidai bayan an auna Turawa ba lallai ya zama daidai ga Bafulatani ko Bagude ko Bahaushen Mubi ba. Mahalarta UK Biobank sama da kashi 90 cikin 100 fararen fata ne. An kuma san ciwon ƙoda yana ɗaga adadin furotin tau a jini. Ƙara da cewa binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis, wanda Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suke cikin jagororinsa, ya gano Alzheimer ta fi ƙaranci a tsofaffin Yarbawa fiye da baƙaƙen fatar Amurka. Na'ura za ta iya ƙirga ƙwayoyin furotin ɗaya bayan ɗaya, amma fassara adadin tana buƙatar a san yadda jinin masu lafiya na wannan yanki yake, a damina da rani, a jikin mai sikila da mai ciwon hanta da wanda maleriya ta sha kama shi tun yana goye. Wannan aikin babu wanda zai yi wa yankin in bai yi wa kansa ba.

Yankin ya san ciwon a ɗebi jini a nan a sami amsa a wata nahiya. Garin Lassa yana arewa da Mubi, a kwarin wannan kogi na Yedzaram, cikin ƙaramar hukumar Askira/Uba ta Jihar Borno. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi a can, aka kai ta Jos ta rasu. Sai da jini ya je Jami'ar Yale a Amurka kafin aka gano ƙwayar cutar da yau ke ɗauke da sunan garin. Abubuwa sun canza: cibiyar Christian Happi a Jami'ar Redeemer's da ke Ede ta karanta ƙwayoyin halittar cutar korona a Maris ɗin 2020, karon farko a Afirka. Amma Ede tana da nisa da Adamawa.

Ba wanda ke cewa a sayo na'urar Simoa a kafa a Lamorde. Tana son wuta marar yankewa, sinadarai masu zama a sanyi, da injiniyan da zai zo in ta tsaya. Abin da Mubi ke iya yi yau ya fi wannan sauƙi. Garin yana bakin iyaka, kasuwar shanunsa tana tara fatake daga Kamaru da Chadi, kuma ƙwayar cuta tana tafiya ne a jinin matafiyi. In ƙwayar da ba ta da HRP2 za ta shigo ta gabas, irin wannan gari ne ya kamata ya fara ganinta. Kayan aikin su ne takardar tace jini, 'yar jakar leda da sinadarin tsotse danshi, da littafin rajista. Duk majiyyacin da madubi ya nuna ƙwaya a jininsa amma gwajin gaggawa ya ce babu, a ɗiga jininsa a takarda da izininsa, a busar, a aika Yola ko Abuja. Babban Asibitin Mubi yana ganin marasa lafiyar, Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin a 2002 da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna da ɗaliban kimiyya masu neman aikin bincike, asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama yana Yola, tafiyar kilomita wajen 200. Ya rage ga ma'aikatar lafiya ta jiha ta haɗa su, ta kuma tsaya a kan cewa sakamakon duk jinin da ya fita daga Mubi ya dawo wa likitocin Mubi.

Ga iyaye kuma magana biyu ce. Idan gwaji ya ce babu maleriya amma zafin jiki bai sauka ba bayan kwana biyu, ko yaro ya fara suma ko numfashi da ƙyar ko ya ƙi nono, a koma asibiti a nemi a duba jinin a madubi a kuma bincika wani ciwon, kada a wuce kemis a sayi maganin maleriya. Idan kuma yaro ya gama shan magani kwanan nan, zazzaɓi ya dawo, gwaji ya fitar da layi biyu, a gaya wa ma'aikacin lafiya ranar da aka gama maganin kafin ya rubuta wani.